Ranar da Kwamfuta Ta Kira Oga da Sunan da Na Laƙaba Masa

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da tsufa ya kwashe min haƙora. Wata biyu na yi ina hawa keke-napep daga unguwar Television zuwa wata masana'antar roba a Kudenda, inda aka ɗauke ni in raba su da rubuce-rubucen takarda.

Manhaja uku na haɗa musu: ta kayan sito, ta zuwa da tashin ma'aikata, da ta motocin da ke fita da kaya. Kowacce na zuba ta a kwantenarta, wato wani ɗan akwati a cikin kwamfuta da ke riƙe manhaja da duk abin da take buƙata. Sannan na rubuta fayil guda da ke gaya wa ukun inda za su ɗebo bayanai. Umarni ɗaya za ka buga, su tashi tare. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma na san ya yi (a gida har ƙanwata ta fara guduna, don ko tuwo take tuƙawa sai na yi mata bayanin kwantena).

To, lokacin gwaji ina buƙatar sunayen ƙarya, sai shaiɗan ya ba ni shawara. Mai masana'antar, wanda ba ya amsa komai sai da "mu gani tukuna", na sa masa Alhaji Mu Gani Tukuna. Madam Rifkatu, shugabar sito, 'yar Filato mai kirki da kullum take cigiyar makullinta, ta zama Madam Ina Makullina. Na ajiye su a rumbun bayanan gwaji, ina dariyata ni kaɗai.

Ranar nuna aiki ɗakin taro ya cika. Na sha sabon leshi, na haɗa majigi, na ce, "Ranka ya daɗe, layi ɗaya zan buga." Na buga. Ukun suka tashi tamkar sojoji a fareti. Na juyo ina jiran tafi.

Ko mutum ɗaya bai tafa ba.

Ashe ban canza layin da ke nuna rumbun gwaji zuwa rumbun bayanan gaskiya ba. Kuma da yake fayil ɗaya suke karantawa, duka ukun suka yi min biyayya. Ga shi ɓaro-ɓaro a bango, sau uku: Alhaji Mu Gani Tukuna.

Madam Rifkatu ta gyara tabarau ta karanta nata da ƙarfi. "Madam Ina Makullina? Yesu! Ni ke nan?" Wani direba a baya ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya dube ni. "Injiniya, wannan na saman, wane ne?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Alhaji, a yi min afuwa, a ba ni minti ɗaya." Na buɗe fayil ɗin, na gyara layin, na kashe su na sake tayarwa. Kafin a gama dariya sunayen gaskiya sun fito, da kayan sito, da motar da ta fita da safe.

Alhaji ya matso. "Wuri ɗaya kika taɓa, duka suka gyaru?"

"Wuri ɗaya, Alhaji."

Ya jinjina kai. "Aiki ya yi, 'yata. Gobe a fara amfani da shi." Sai ya juya ga jama'a: "Ku shaida, yau ban ce mu gani tukuna ba."

Ɗakin ya kaure da shewa. Madam Rifkatu kuwa sai da ta yi kwana uku tana amsa gaisuwata da hanci, kafin ta kawo min gwate a kula, ta ce ta yafe.

Har yau manhajojin na aiki, ba su taɓa ba ni kunya ba bayan wannan. Amma na koyi cewa kwamfuta ba ta riƙe gulma. Yanzu in zan yi gwaji, sunayen da nake sawa su ne Audu Ɗaya, Audu Biyu, Audu Uku.