Ranar da Na Yi wa Motar Surukina Kuɗi

Ba zan taɓa mantawa ba da lokacin da nake shirin rubuta jarrabawar zama cikakken akanta. Lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba. Ɓangaren rubutu ne ya hana ni sakat, inda za a ce ka yi bayani dalla-dalla, ka kawo misali. Ni kuwa da na kama biro sai in ji kaina fayau.

Wani abokin aikina ya ce in riƙa faɗin amsoshin da bakina da Hausa, ina naɗa a waya, in ya so in saurara duk inda nake. Ya ƙara da cewa in ɗauko misalai daga gida, sun fi zama a ka. (Allah Ya yafe masa, ni dai har yanzu ina ƙoƙarin yafe masa.)

Ana cikin haka aka tashi ɗaurin aure a Wara, surukina Alhaji ya ce in shigo motarsa. Motar nan ta girmi matata. Da igiya ake ɗaure ƙofar baya, amma duk Yelwa an san gara ka taka wa Alhaji ƙafa da ka aibata ta. Da kansa yake wanke ta kullum.

Na zauna a baya tsakanin ƙannensa biyu, na sunkuyar da kai irin na surukin kirki, na maƙala abin ji a kunne ina bita. Mun yi nisa, sai motar ta faɗa rami, igiyar abin jin ta fizge daga jikin wayar. Kawai sai ga muryata ta cika motar, har da gyaran murya:

"Raguwar darajar kadara. Misali, motar Baba. A takarda darajarta ta ƙare tun kafin a yi mini kaciya. Abin da ya saura ƙarfe ne da taurin kan mai ita. Shawarar akanta: a kira 'yan gwangwan."

Na kai hannu in kashe, wayar ta sulale ƙarƙashin kujerar Alhaji. Daga can ta ci gaba, har da dariyar da na yi wa kaina a ƙarshe, wadda ban san haka take da muni ba.

Ƙanen Alhaji na damana ya kama tarin ƙarya, kafaɗunsa na rawa. Alhaji bai ko waiga ba. Ni kuwa addu'a nake hanya ta bi ta bakin ruwa, in kwance igiyar ƙofar nan in faɗa.

A gindin wani ɗan tudu motar ta yi atishawa ta mutu. Sai a lokacin ya dube ni ta madubi.

"Akanta."

"Na'am, Baba."

"Hita ka tura muna ƙarhen. Taurin kai na riƙe da sitiyari."

Haka na tura ta cikin farar shadda, 'yan acaɓa na wucewa suna mini sannu. Kafin mu koma Yelwa labari ya riga ni gida. Matata ta tarbe ni da ruwan sanyi, ta kasa miƙo mini kofin don dariya.

Na ci jarrabawar, alhamdu lillahi. Amma na koyi abin da babu a manhaja: in za ka kawo misali, ka ƙirƙiro kamfanin da babu shi a duniya, wanda ba ka auri 'yar mai shi ba.