Ranar da Ɗanjuma Ya Koma Anjuma

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Ɗanjuma ba, ko na so in manta, dangin amaryarsa na garin Attantane ba za su bar ni ba.

Aikina rubuta lojisiyel ne, wato manhajar ordinater (kwamfuta ke nan), kuma a unguwarmu a Tasawa ana yi mini kallon wani babban injiniya (ni ma ban taɓa musantawa ba). Shekarun baya na rubuta wa majami'ar su Ɗanjuma wata 'yar manhaja mai haska baitocin waƙa da sanarwa a bango. Da wani tsohon kayan aiki na gina ta, wanda masu shi sun daɗe da daina kula da shi. Bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, su ƙ da ɗ da ɓ, sai na yi masa dabara na cusa su ta bayan gida. Dabarar tana tafiya muddin sistem ɗin ordinater bai sauya ba, shi ya sa ba na barin na'urar ta shaƙi intanet ko kaɗan.

Da safiyar bikin Ɗanjuma ya ce, "Aboki, ka sa hotunanmu mana, mutane su gani." Na jona ordinater da wayata don in sauko da su, na tafi karyawa. Ko da na dawo, ta yi mizajur da kanta, wato ta sabunta sistem, tana yi mini maraba da sabuwar fuska. Na buɗe manhajata, ta buɗe lafiya lau. Na ce alhamdu lillahi na rufe. Ban duba rubutun ba.

Majami'a ta cika, Kirista da Musulmi, manoman wake da ma'aikata, har da kawun amarya Saratu, wani dattijo tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Fasto ya gabatar da ni da "ɗan'uwanmu masanin na'ura", na miƙe na ɗaga hannu (har da ɗan rusunawa, Allah ya yafe mini). Sannan na danna.

Sabon sistem ya haɗiye duk wani harafi mai lanƙwasa. A bango, da manyan baƙaƙe, aka ga: "Auren Saratu da anjuma. Allah ya ara auna."

Sai kawun nan ya gyara tabarau ya ce da ƙarfi, "Fasto, in angon sai an juma, mu je mu ci abinci mu dawo mana. Kuma auna me za a ara? Hatsi?"

Majami'a ta kece da dariya. Saratu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa zufa har cikin takalmi. Na yi sauri in gyara, sai tsohon kayan aikin nawa ya ƙi buɗewa sam, wai bai dace da wannan sistem ba. Waƙoƙin ma duk sun zama guragu. Fasto ya ce a hankali, "Malam, kashe kawai. Mun iya su da ka."

Suka rera ba bango ba na'ura, kuma ban taɓa jin sun yi daɗi haka ba. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Bayan biki na zauna na sake rubuta manhajar daga tushe da kayan zamani, aikin da na yi shekaru ina cewa sai na samu sarari. A gaskiya ba mizajur ce ta kunyata ni ba. Na san katangar da na jingina da ita ta tsage, na zaɓi in hana iska kaɗawa maimakon in yi yaɓe. Yanzu duk abin da zan haska wa jama'a sai na karanta shi harafi harafi, kuma ba na miƙewa in ɗaga hannu sai an ga aikin tukuna.