Littafin da Kaka Ya Kulle a Akwati

"Gajiya da sauƙi, angona. Yau kuma wa ya taɓa ka?"

Jikar ta dawo daga asibitin da take aikin jinya, ƙafafunta kamar ba nata ba. Ta tarar da kakanta zaune kan akwatin ƙarfe, ya cika ya yi fam. Ita ta aro masa littafi a laburaren intanet, ta sa masa a tsohuwar wayarta, ta kuma gaya masa in wa'adi ya cika littafin zai koma da kansa.

"Ɓarauniya, fito min da littafina. Saura babi ɗaya."

"Ina wayar?"

"Yanzu na ciro ta daga akwati. Tun da kika ce za su zo karɓa na kulle ta."

"Wato duk kwanakin nan ba ka karanta ba, gadi kake yi?"

"Ko sallah a gefen akwatin nake yi. Ban ga kowa ya shigo ba sai ke."

"Ni da na rasa lokacin wanka zan saci littafi? Sakinka zan yi, in samo mai haƙora."

"Mai haƙoran ya gan ki da wannan fuskar ta kwanan zaune, ai ko takalmi ba zai tsaya ɗauka ba. Sake aro min."

Ta duba wayar, ta yi ajiyar zuciya. Kwafi ɗaya ne, masu jira kuwa ba a magana.

"Sai an bi layi, Kaka. Ƙila bayan wata uku."

"Layi? A cikin waya?" Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Likitarku ta ce idon nan ba zai kai ni can ba. So nake in ji ko matuƙin jirgin ya dawo gida."

Tausayinsa ya kama ta, ta bar zolayar. Barci take ji kamar ta faɗi, amma ta cire takalmi ta zauna a ƙasa.

"Na karanta shi bara. Matsa in ba ka ƙarshen labarin."

"Ke? Ƙarya za ki shara min."

"To jira layin."

Ya yi dariya, ya jawo matashin da yake jingina da shi ya tura mata.

"Na janye ƙara, amarya. Amma in matuƙin mutuwa ya yi, ki ba ni a hankali."