Rasuwar Tsagar Tsakiyar Fili

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka daina kowane aiki sai zubar da hawaye, Tai Denglin, tsohon alƙalin wasan ƙwallon kwando na ƙauyen Pailuo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da mutanen hayin kogi, har da waɗanda suka sha hawa tsani don su zage shi da kyau, rasuwar abokiyar aikinsa, Tsagar Tsakiyar Fili. Ta rasu ana jibi bikin cin sabuwar shinkafa, tana da shekara talatin da 'yan kai, a hannun leburori da bokitin siminti.

An haifi marigayiyar ne bisa kuskure. Shekarar da aka yi gayya aka daɓe filin shanyar shinkafa, siminti ya ƙare a tsakiya cif. Sai bayan girbi aka samo ragowar, shi ma aka cika masa yashi, aka zuba shi a kan tsohon kududdufin kifi da aka cike da ɓaraguzai. Sanyin farko na sauka, sai ga ta ta tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Dattawa suka tsaya a kanta, suka duba, suka ce to, an huta da sayen fenti. Tun ranar ita ce layin tsakiya duk lokacin da aka buga ƙwallo a filin.

Aikinta ɗaya ne tak, kuma ba ta taɓa fashi ba. Doka ta ce idan ƙungiya ta tsallaka da ƙwallo zuwa ɓangaren abokan karawa, ba ta da damar mayar da shi baya ta sake taɓawa. Ko diddigen mai riƙe da ƙwallon ne ya taka layi, an yi laifi, ƙwallo ya koma hannun ɗaya ƙungiyar. Ƙaramar doka ce, amma a nan surukai sun daina gaisawa a kanta, tunda kyautar gasa bijimi ne, kuma babu ƙauyen da ke son komawa gida da igiya zalla.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Ruwan sama bai wanke ta ba, shanyar barkono ba ta ɓoye ta ba, ba ta da ɗan uwa a kowace ƙungiya. Ba a musu, ba miƙaƙƙiya ba ce. Wajen garken aladun Inna Ou ta ɗan karkace kamar bayan tsohuwa. Duk baƙon ɗan wasan da ya kawo ƙorafi, amsa ɗaya Tai yake ba shi: "Haka ka same ta, ɗan samari. Bari a dawo hutu a sauya gida, karkacewar ta zama taka."

Amma abin da mai wannan sanarwa ba zai manta ba shi ne muryarta. Arewa da ita, inda simintin ke da kyau, ƙwallo cewa yake tas, tas, tas. Kudu da ita, inda ƙasan ke da kogo, sai ka ji dim, dim. In ya faɗa a kanta ita kanta, ƙwas.

Lokacin da ciwon suga ya fara cinye masa ido, likitan birni ya ce babu gyara, Tai bai gaya wa kowa ba. Kowa kuma ya sani, don an gan shi da safe yana gai da falwaya yana tambayar ta ya yara. Shugaban ƙauye, Long Fagui, shi ya nemo dabara. Kawai ya sa matasan alƙalai biyu su riƙa bin 'yan wasa da gudu, shi kuwa Tai aka bar shi a bakin fili, tafin ƙafarsa a kan Tsaga, hukuncin komawa baya nasa ne shi kaɗai. Launin riguna yana hango shi dishi-dishi, sauran aikin na kunne ne. Tas, tas, dim, sai ka ji usur, yatsansa na kai da komo a sama.

"Kai alƙali, ba ka gani ne?" in ji wani ɗan hayin kogi wata shekara, yana huci.

"Ba na gani," in ji Tai, "amma ka koma baya. Miƙo ƙwallon."

Ranar har waɗanda aka yanke wa hukuncin sai da suka riƙe ciki. Haka suka yi shekaru, shi da Tsaga. Yana tashi da safe ya san akwai inda ake bukatarsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da matarsa ta rasu, wanda ko zare ba ya iya sawa a allura.

Ciwon ajalin Tsaga ya fara ne da farin jini. Samari suka ɗauki wasan a waya suka watsa, jama'a suka yi ta kwararowa, manyan motoci suka riƙa ratsa filin da kujeru da lasifika. Tsaga ta fara buɗe baki. Aka cusa mata yumɓu ta tofar, aka zuba mata kwalta ta haɗiye. Hukumar gunduma ta ce za ta shimfiɗa sabon daɓe na roba kyauta, amma Fagui ya yi ta ja musu rai, yau ruwa, gobe shanya, don ya san abin da za a binne tare da ita.

Sai ranar wasan mata. Sulan, 'yar Tai, ita ce kyaftin, uwar yara biyu, babu mai kamo ta a gudu. Ta taho da ƙwallo, ƙafarta ta shige bakin Tsaga. Ubanta ne ya fi kowa kusa. Shi ya fara jin ƙarar ƙashin, kuma tun kafin ta yi ihu ya san na wane ne.

A taron da aka yi bayan haka, Fagui ya ce wanda ya yarda a rufe Tsaga ya ɗaga hannu.

"Fagui, hannun wa ka gani?" in ji Tai.

"Babu na kowa, Yaya."

"To ga nawa. Ku kuma ku daina kallona, ina jin ku."

Haka aka yi. Leburori suka cika mata baki da siminti, aka lulluɓe filin da roba mai ruwan shuɗi, aka ja farin layi miƙaƙƙe sumul, abin sha'awa in ji masu ido. Tai ya zo da ƙwallo ya buga a arewa, ya taka ya buga a kudu. Ya ce, "Abu ɗaya suke faɗa."

Duk da haka ranar wasan ƙarshe na biki Fagui ya kama hannunsa ya tsayar da shi a wurinsa na kullum, shi ma bai iya cewa a'a ba. Ana dab da tashi, wasa kankankan, ɗan hayin kogi ya ga an matse shi ya wurga wa ɗan uwansa ƙwallo baya. Dubban mutane sun gani. Mata suka yi ta dukan kwanoni, na kan tsani suka yi ta ihu. Matasan alƙalan nan, da yake sun saba wannan hukuncin ba nasu ba ne, suka juya suna kallonsa. Shi kuwa usur na bakinsa, yana jiran dim. Ƙwallo ya shiga kwando, bijimi ya haye kogi.

Babu wanda ya zage shi. Wayyo, da sun zage shi da ya fi masa sauƙi! Sai dai aka yi ta dafa masa kafaɗa ana cewa ba komai, Kawu, ba komai. Ya cire igiyar usur daga wuyansa, ya laluba hannun ɗaya daga matasan, ya damƙa masa.

Marigayiyar ta rasu ta bar kwanduna biyu da suka girme ta, da gidan tururuwa da ba a san inda suka nufa ba, da 'yan tsiron shinkafar da take fitarwa duk damina. Ta bar Sulan a kan sanduna, tana kuka tana cewa ƙafarta ce ta jawo, uban yana ce mata, "Yi min shiru ki ci abincinki." Ta kuma bar Tai Denglin, wanda har yanzu yakan sa takalmin wasa da safe, ya ɗaure igiya, sannan ya tuna.

Ba za a ɗauki gawa ba, tunda tana kwance inda ta rayu. Za a taru a bakin farin layi da hantsi, washegarin ranar kasuwa. Makusanta su ɗaura farin ƙyalle a ka. Za a kunna turare, a zuba giyar shinkafa arewa da kudu, masu busa sarewar gora su zagaya filin. Fagui na roƙo a kunna abin tartsatsin wuta can bayan garken Inna Ou, don robar ba ta son wuta. Akwai miyar kifi mai tsami a gidan mai makoki, kuma duk wanda ya zo ta'aziyya kada ya ce masa sabon filin ya fi kyau, ya sani.

Bayan an ci abinci za a yi wasa kamar yadda aka saba. An ajiye wa Tai Denglin kujera a sahun gaba, cikin 'yan kallo. Yana roƙon duk wanda ya zauna kusa da shi ya yi haƙuri da tsoho, ya riƙa gaya masa a hannun wa ƙwallon yake.