Rasuwar Allo Mai Lamba Ɗaya

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika, ma'aikacin benci na uku da ake kira Shiru yana sanar da abokan aiki rasuwar allon lantarki mai lamba ɗaya. Ya cika ranar Alhamis da ƙarfe huɗu saura, yana da kwana goma sha tara a duniya.

Marigayin shi ne allo na farko da Shiru ya zana da kansa, bayan shekara uku yana goge ƙurar na wasu. An yi shi don adana hotunan kyamarorin tsaro. Kore ne, bai fi tafin hannu ba. Ba shi da hayaniya. In an kunna shi sai ya ce "tit" sau ɗaya, ya kama aiki.

Ciwon ajalinsa a regileta yake, ɗan mitsitsin abin nan da ke raba wuta biyu daidai ya miƙa wa memori, ma'ajiyar hotunan, rabi. Ƙa'idarsa ba ɓoyayya ba ce, shugabarsu Injiniya ma ta zagaye ta da jan biro: kafasitoci, 'yan ƙwayoyin da ke hana wuta rawa, su zauna manne da ƙafarsa, layin tagulla gajere, mai faɗi. Shiru ya gani. Amma duk ma'aikatar shi kaɗai ne ya tsaya a sakandare, kuma a lungun bayan allo inda kafasitocin suke ne kawai sunansa zai shiga. Bayan Injiniya ta sa hannu a zanen, sai ya matsar da kafasitocin faɗin yatsa biyu, ya ja musu siririn layi, ya rubuta ZANEN SHIRU da fararen haruffa.

Makon farko lafiya lau. A na biyu marigayin ya fara mantuwa. Hoto ya zo rabi. Wutar da ya kamata ta tsaya cik ta riƙa rawa da zarar aiki ya yi yawa. Daga nan "tit" ɗin ya koma uku, dogaye. Ranar Alhamis jikinsa ya yi zafi, aka ji ɗan ƙauri, bai ƙara cewa uffan ba.

Ya rasu ya bar fanka ɗaya, memori biyu marayu, da ƙanne ɗari biyu da ba a haifa ba, waɗanda za a tura zanensu masana'anta ranar Litinin da ƙarfe goma, kowanne ɗauke da ciwon yayansu.

Ya kuma bar Baba mai dalma. Shi ya liƙa kayan allon, shi aka ɗora wa laifi. An ce idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa. An ɗauke shi daga bencinsa, an ce Litinin za a san yadda za a yi da shi. Dattijon bai yi musu ba. Ya naɗe wayar ƙarfensa na narka dalma a hankali, ya biyo ta benci na uku, har ya yi wa Shiru gaisuwar rashi. Shiru ya amsa.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe tara, a kan teburin Injiniya, ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Mai rashin zai ɗauko gawar da kansa, tare da zane biyu: wanda aka sa wa hannu, da wanda aka buga. Ya riga ya kwashe kayansa daga aljihun benci.

Ba a buƙatar 'yan rakiya. Baba kaɗai ake roƙo ya daure ya zo, ya tsaya kusa, inda zai ji komai da kunnensa.