Yadda Na Talauta Surukina Da Portabul

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama ma'aikacin nesa, ni da ko Maradi za ni sai na yi amai a mota. Bak, jarrabawar gama sakandare, ta kayar da ni sau biyu, na dawo Dakoro ina ɗumama benci a majalisar shayi. Ana nan sai na ci karo da wata formasiyo a portabul, wato wani kwas a wayar hannu, wai za a koya maka tallar kaya a shafukan sada zumunta, ka yi aiki daga ɗakinka. Daga ɗaki fa! Na ce to, an zo wurin, don in dai zaman ɗaki ne babu wanda ya fi ni.

Malamar wata madam ce da ban taɓa ganin fuskarta ba, sai murya. Abu biyu take nanatawa: hoto mai kyau, da labari. "Mutane ba kaya suke saye ba, labari suke saye." Na rubuta wannan a kaye, littafina na makaranta, har na ja masa layi biyu (da na yi wa lissafi irin wannan biyayya, da yanzu ina da bak).

Saura wata ɗaya sallar layya na samu aikin farko. Wani Alhaji ne a Maradi mai sayar da raguna, shi ma ban taɓa ganinsa ba. Zai turo hotuna, ni in yi talla. Wayyo hotunan! Dishi-dishi, rabin yatsansa a kai, ragunan kuwa kamar sun dawo daga jinya. Sati guda ko mai tambayar kuɗi babu.

To, ina neman auren Zuwaira, ɗiyar Malam Iro, har an sa rana bayan salla. Dattijon dama da ƙyar ya yarda da ni. Da aka ce masa aikina a cikin waya yake, sai ya ce, "To, Allah shi kyauta." Malam Iro yana da wani rago balami fari tas, shekara biyu yana kiwonsa a bayan gida don layyarsa. Ɓoye shi yake saboda bakin mutane, ko 'yan gidan ba sa yaba shi sai sun haɗa da tubarkalla. Ni dai labarinsa kawai nake ji wurin Zuwaira.

Shaiɗan ya ce mini ga hoto mai kyau can. Na bari Malam ya tafi sallar la'asar, na jingine moto jikin katangar baya, na taka sirdi na leƙa. Jama'a, wannan ba rago ba ne, maraƙi ne! Na ɗauki bidiyo. Saura labari. Na koma ɗaki na gyara murya kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo, na ɗora a kai: "Mai wannan rago dattijo ne mai mutunci. Don layyarsa ya kiwata shi, amma matsi ya sa dole ya rabu da shi. Rumbunsa ya ƙare, kunya ta hana shi roƙo." Sai da na ji ƙwalla da kaina, na ce lallai madam ta iya koyarwa.

Dabarar ita ce masu saye su kira Alhaji, ya ce wancan an sayar amma ga ɗan'uwansa. Kuma ta ci. Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaya ko'ina, Alhaji ya kira ni yana dariya: "Yaro, ashe kai shege ne!" Ranar ko gaisuwar 'yan majalisa da ka na amsa.

Abin da madam ba ta koya mana ba, mutanen Dakoro sun fi gane dabba a kan fuskar mutum. Kowane gida da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbobinsa, ni kuwa na kusanto da kunnen ragon sosai don ya fito da kyau.

Kwana biyu sai ga kiran Zuwaira. Ko sallama babu. "Baba na kiranka. In kana da sauran kunya ka taho da ita."

Na iske ƙofar gidan cike kamar ana suna. Ƙanen Malam ya taso tun daga Ɗan Gulbi da dami biyu a amalanke. Maƙwabta kowa da tiyar hatsinsa. Dillalai uku na gefe suna jiran a fito da rago. Daga cikin gida ina jiyo kukan ƙanwar Malam, Gwaggo Abu, da ta zo daga Korahane tana cewa, "Yaya, har ka kai haka ba ka hwaɗa muna ba?" Ga Malam Iro zaune bisa tabarma, mutumin da rumbunsa uku cike suke, an kewaye shi da sadaka.

Na durƙusa. "Baba, ina wuni."

Liman na zaune gefensa. Ya dubi liman ya ce, "A sa mishi ya ji."

Aka kunna bidiyon. Muryata ta tashi, da ɗan rawar nan da na sa mata: "Kunya ta hana shi roƙo." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Wani dillali ma har ya ce, "Allah sarki."

"Muryar wa ce wannan?" in ji Malam.

"Tawa ce, Baba."

"Kai ka leƙa rumbuna?"

"A'a, Baba. Labari ne. Haka ake yi a aikin."

"Au, ashe aikin ke nan. Shekara sittin ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba, kai ka miƙa mini shi a duniya duka." Nan na ji auren yana sulalewa, na tsorata ƙwarai, don ina son Zuwaira ba da wasa ba.

Liman ne ya yi ta ba da haƙuri. A ƙarshe Malam ya yanke hukunci: aure sai bayan kaka, shi ma in ya ga hankali. Hatsin nan kuwa ni zan mayar da shi gida-gida, kowace ƙofa in tsaya in ce, "Ƙarya na yi, Malam Iro bai talauce ba."

Kwana uku ina yawo da amalanken aro. Ina tsakiyar wannan Alhaji ya kira yana tambaya ko akwai wani dattijon da ya matsu (na kashe portabul, aikin ma daga nan ya mutu). Kowa ya karɓi hatsinsa yana dariya, sai Gwaggo Abu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta turo mini tiyarta biyu ta ce, "Riƙe, ɗan nan. Duk garin nan ban ga matsattse kamarka ba."

Kuma na riƙe, don gaskiya ta faɗa.

An ɗaura auren bayan kaka, da ƙyar da siɗin goshi. Har yanzu ina tallar kaya daga ɗaki, cuku da kilishi nake yi wa yanzu, su ba su da dangi. Abin da na koya shi ne, in dole sai ka talauta wani a talla, ka nemi wanda ba shi da ƙanwa a Korahane, kuma ba ɗiyarsa kake nema ba.