Ranar da Baba Ya Aro Arziki

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta ƴan unguwarmu ba za su bar ni ba, da ranar da na kawo baƙuwa daga jami'a gidanmu a Dakoro. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, rabi don kunya, rabi don haushi. Haushin kuma ban san wanda zan fi ɗora wa ba, waɗanda suka ƙirƙiro tsarin ko ni da na buɗe wannan baki nawa.

Ina shekara ta biyu ne abubuwa suka cakuɗe mini. Kawuna da nake kwana a zaurensa a birni aka yi masa canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa ya tafi. Burs, wato tallafin kuɗin karatu na gwamnati, ban samu ba. A gida kuwa damina ta yi mana rowa, hatsin da aka girbe ko rabin rumbu bai kai ba, san da ke ja wa Baba amalanke kuma ya kwanta bai tashi ba. Magana ta tsaya a wuri ɗaya: ko in sami wurin kwana da abin sa wa a baki, ko in tattara littattafaina in koma gida in riƙe hauya.

Ana cikin haka aka ce biron, wato ofishin, da ke kula da jin daɗin ɗalibai ya fito da wani tsari. Ɗalibin da ba shi da hali za a ba shi ɗan aiki a cikin jami'a, wankin faranti a resto, inda ɗalibai ke cin abinci, ko jera littattafai, shi kuma ya sami gado a ɗakunan ɗalibai da abinci. A ji a kunne abu ne mai kyau. Sai dai guraben kaɗan ne, mu kuma masu nema kamar fara. Don haka sai abin ya koma gasa, kuma gasar ta wanda ya fi kowa talauci ce.

Wallahi har yau raina na ɓaci in na tuna zaman da muka yi a ƙofar biron nan. Samari da ƴanmata masu hankali, waɗanda suka ci bak, jarrabawar shiga jami'a, da guminsu, kowa na satar kallon takalmin ɗan'uwansa yana fatan nasa ya fi lalacewa. Ka shiga ciki a tambaye ka sau nawa ake ɗora tukunya a gidanku, da ko uwarka na da awaki. Wankin faranti fa za ka yi, ba kyauta za a ba ka ba, amma sai ka tuɓe mutuncin gidanku ka shanya a kan tebur tukuna. (Ni kuma, in faɗi gaskiya, na shanya har da wanda ba a tambaye ni ba. Na sa tsohon wandona mai faci, na karyar da murya, na kusa ba kaina tausayi.)

Matar da ke shugabantar biron, wadda kowa ke ce wa Madam, ta saurare ni ba ta ko ɗaga gira ba. Da na gama sai ta ce ba su yarda da baki kawai, domin an sha yi musu ƙarya. A lokacin hutu za ta zagaya gefenmu, ta bi ta Kornaka ta iso Dakoro, ta ga gidan kowa da idonta. Tunda ni ɗan can ne, in shiga motarsu in nuna musu hanya.

A nan ne na tafka wautata. Na buga wa Baba waya, kuma da na ji muryarsa sai na kasa faɗa masa gaskiya. Yaya za ka ce wa mahaifinka wata mata za ta zo ta duba ko tsiyarsa ta kai yadda ake so? Mutumin da ko ranar da aka kwana da yunwa sai ya wanke rigarsa ya je masallaci yana amsa gaisuwa da "sai godiya"? Sai na zagaye. Na ce, "Baba, wata babba ce daga jami'a za ta zo ta gaishe ku, saboda ni." Ya ce, "Babba? To madalla. Allah shi kawo ta lahiya." Na kashe waya ina yaba wa kaina da iya magana.

Ranar tafiya na zauna a bayan mota da wandon nan mai faci, na dinga shirya wa Madam zuciya tun daga hanya. Na ce kada ta ji mamaki, katangarmu ta faɗi tun bara, zana muka kafa. Na ce kujera ko ɗaya babu, sai dai ta yi haƙuri da tabarma. Na ce nama kuwa sai layya, in maƙwabta sun aiko. Duk gaskiya ne, amma na ƙara masa gishiri yadda zai shiga. Ita dai tana kallon gonaki ta taga tana cewa "uhm".

Muna karyo kwanar unguwarmu bayan azahar na hango wata mota fara ƙal a ƙofar gidanmu. Na san motar, ta Alhaji Ila ce, maƙwabcinmu mai fataucin hatsi. Na ce a raina wataƙila inuwa ya nema. Sai na ga an kafa rumfa. Sai na ga kujerun roba a jere, da wasu manya biyu masu laushi a tsakiya, an shimfiɗa kafet a kan rairayi.

Sai ga wani dattijo ya fito cikin babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, da hula ƙube, ƙamshin turare na riga shi isowa. Sai da ya yi murmushi na gane ubana ne.

"Marhabin, marhabin da baƙin birni! Kun sha hanya. Hajiya, bismilla, gida naki ne."

Madam ta dube ni, ta dubi wandona, ta dubi rigar Baba. Wannan kallon ya fi mari ciwo.

Cikin gida ya fi waje muni. An leƙa kowane gida a unguwar an aro abin da ya fi kyau. Zanar da na yi ta ba da labarinta an rufe ta da labule mai furanni. Ga tele a kan tebur an yafa mata ƙyalle, ga firigo na sanyaya ruwa tsaye a gindin itacen bedi, ga agogon bango an rataye a jikin reshe. Inna ta sha leshi da sarƙa, hannu duk awarwaro, tana tafiya a hankali don kada wani abu ya faɗi ta shiga uku da masu shi. Dattawan unguwa sun cika kujeru, Alhaji Ila a gaba yana kaɗa makullin mota. Sannan aka fara shigo da kwanoni: shinkafa, miya ta ji mai, soyayyun zabi, fura da nono mai kauri, da nama tuli guda. Da na leƙa bayan ɗaki na ga igiyar bunsurun Inna a yashe, na san inda naman ya fito.

Na ja Inna gefe. "Inna, mi kunka yi haka? Wa ya ce ku yi wanga abu?"

Ta dube ni da mamaki. "A'a! Baƙuwa ta taso tun daga birni saboda kai, mu bar ta bisa tabarma? So kake a ce ɗiyan wa ne wanga, ba su san girman baƙo ba? Tahi ka sauya wando, ka ba mu kunya."

Ni na ba su kunya! Ina ji ina gani gadona da abincina suna narkewa a cikin miyar zabi, kuma wai ni ne mai ba da kunya.

Na koma rumfa na tarar Baba ya buɗe baki yana zuba. Madam ta tambaye shi yaya damina, ya ce, "Alhamdu lillahi, mun samu daidai gwargwado." Ta tambaye shi yaya ake fama da karatun yaro, ya gyara hannun riga ya ce, "Ai ba mu bar shi ya nemi komi wurin kowa ba." Alhaji Ila ya karɓe, "Wanga gida da kike gani, Hajiya, gidan rufin asiri ne. Kaf unguwar nan ba mai jin kukansu." Dattawa suka amsa da "ƙwarai kuwa". Madam ta ciro alƙalami ta yi ɗan rubutu.

Wannan rubutun ne ya ƙarasa ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai kujerar roba ta kife a bayana, na ji wata murya tana ihu, ashe tawa ce.

"Ƙarya ne! Madam, wallahi tallahi ƙarya ne! Mu matsiyata ne! Kujerun ga na gidan biki ne, tele ta gidan malamin unguwa ce, motar ta Alhaji ce! Rigar da ke jikin Baba ma ta Alhaji ce, ga shi nan zaune, a tambaye shi! Rumbunmu ba komi ciki, ku zo ku gani!"

Kuma don kada a ce ban yi aikin da kyau ba, sai na juya na maimaita mata duka da Faransanci, dalla-dalla, har da nuni da yatsa. (Malaminmu na lakwal, makarantar boko, da ya ji ni da ya yi alfahari, ko kuskure ɗaya ban yi ba.)

Wani dattijo da ya ɗauko cinyar zabo ya mayar da ita cikin kwano a hankali. Alhaji Ila ya sa makullinsa a aljihu, ya shiga kallon ƙasa. Daga cikin gida na ji awarwaron Inna sun yi ƙara sau ɗaya. Baba kuwa bai dube ni ba. Hannunsa kawai na gani yana shafa aikin rigar nan a kan gwiwarsa, yana shafawa, yana shafawa.

Madam ta rufe alƙalaminta. Ta yi wa Baba godiya da ladabi, ta ce rabon da a karrama ta haka har ta manta, ta sha furar Inna ta yaba. Sannan ta ce in raka ta mota. Muna isa ta juyo, fuskarta a murtuke.

"Kai wane irin yaro ne? Kana tsammani yau na fara shiga gidajen mutane? Duk gidan da na je haka ake yi mini. Gidanku ko wayar lantarki ba ta shigo ba, ga firigo a gindin itace. Tun ina zaune na rubuta ka cancanta. Aiki ka samu. Amma abin da ka yi wa dattijon nan, ba biron da zai gyara maka shi."

Na bi motar da kallo har ta ɓace. Na so in bi ta da gudu in tambaye ta: to in kun san haka ake yi, me ya kawo ku? Me ya sa sai kun tako har ƙofar mutum kun sa shi ya yanka bunsurun matarsa? Wannan tambayar har yau tana ci mini rai, kuma har yau ban ga wanda ya amsa ta ba.

Da na koma, dattawa sun watse, ba wanda ya tsaya cin naman. Baba ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigarsa a jiki, ta Alhaji kuma a ninke a hannu. Na durƙusa na fara, "Baba, ku yi haƙuri, aikin ne..." Ya ɗaga hannu.

"Da ka hwaɗa mini abin da ya kawo ta, da ni da kaina zan kai ta bakin rumbu in buɗe mata, daga ni sai ita. Kana tsammani mutanen ga ba su san halin da muke ciki ba? Sun sani sarai, shi ya sa sunka ba da kayansu. Tun kahin a haihe ka muke zaune da su, ba wanda ya taɓa hwaɗa mini shi a ido. Sai kai."

Ya miƙo mini rigar. "Ungo. Kai ka san mai kowane kaya, ka ma hwaɗa da harshe biyu. Mayar musu."

Haka na yi ta bin gidaje har magariba. Kujeru a ka, tele a ƙirji, firigo a amalanken aro ina turawa ni kaɗai, mata na leƙowa ta kan katanga. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na ji sauƙi. Kowa sai ya karɓi kayansa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan boko." Alhaji Ila ya karɓi rigarsa a zaure, ya juya ta, ya ce da ma ya yi niyyar bar wa Baba ita, amma yanzu ya san ko ya aika ba za a karɓa ba.

Aikin dai na yi shi. Na wanke farantan resto har fatar hannuna ta yi fari, na sami gadona, na gama karatuna. Baba ya yafe mini tun ban koma birni ba, ya ma raka ni tasha. Amma Inna ta gaya mini ya daɗe bai koma zama a dakalin ƙofar masallaci ba, yana idar da salla sai ya wuce gida.

Abin da na koya, kuma na koye shi da tsada, shi ne a garinmu talauci ba sirri ba ne. Kowa ya san na kowa, har kujera ake ara masa ya zauna. Sunansa ne kawai ba a kira a gaban mai shi. Ni kuwa na kira na ubana a gaban dattawan unguwa, don in sami izinin wanke kwanonin wasu.